Wata Goma a Rataye

Idan watan Janairu ya ƙare, an rufe farautar agwagin daji a Amurka ke nan sai wata kakar. A jihohin gabas da na kwarin kogin Mississippi, kwana 60 ne iyakar abin da hukuma ke ba maharbi, shi ma sai a shekarar da tsuntsu ya yi albarka a wuraren ƙyanƙyasarsa can arewa. Daga nan sai a goge bindiga a kulle, a jawo kwalekwale a kife, kare ya samu hutu. Abin da ke rage wa mutum, wanda kuma ya fi cin lokaci, shi ne tarin agwagin ƙarya da ya kwaso daga fadama, jiƙe sharkaf, taɓo ko'ina a jikinsu, igiyoyinsu sun harɗe da juna.

Ga wanda bai taɓa gani ba, agwagwar ƙarya siffar agwagwa ce da aka sassaƙa da katako ko aka zuba da roba, aka yi mata fenti daidai da gashin ta gaske, aka ɗaura mata igiya da ɗan nauyi don kada ruwa ya tafi da ita. Maharbi yakan fita tun da sauran duhu, ya shiga ruwan sanyi har ƙugu, ya watsa dozin biyu ko uku, wani ma ɗaruruwa, sannan ya koma maɓoyarsa ya yi tsit. Gungun da ke wucewa a sama sai ya hango 'yan'uwa zaune lafiya lau a kan ruwa, ya karyo fiffike ya sauko. Aikinta ke nan, kuma wata biyu take yi tana yin sa. Sauran wata goman a gareji take cinye su, wato ɗakin ajiye mota da ke manne da gidajen Amurkawa, inda ake jibge kayan aiki da duk abin da ba shi da gurbi a cikin gida. A garuruwan da wannan farauta ta zama jini da tsoka, irin su Stuttgart ta jihar Arkansas, ba abin mamaki ba ne mota ta kwana a waje saboda agwagi sun cinye mata ɗaki.

Watanni goman nan sun fi jan hankalina a kan wata biyun harbi. Dalili kuwa, agwagwar ƙarya magana ce. Tana da mai faɗi, tana da wanda ake faɗa wa, tana da saƙon da ake so ya isa: nan akwai abinci, nan babu abin tsoro, ku sauko. To maganar da za a yi wata goma ba a furta ta ba, yaya ake adana ta har ranar buƙata ta fito da ma'anarta ba ta gurɓata ba? Duk mai hulɗa da kalmomi, marubuci ne ko mai fassara ko malamin aji, ya san tambayar ta shafe shi.

Sai an kalli yadda ake shimfiɗa su a ruwa ake gane cewa magana ce mai tsari. Ba a watsa su barkatai. Agwagwa tana fuskantar iska ne in za ta sauka, don haka maharbi yakan ba iska baya, ya jera agwaginsa su yi ƙugiya ko su yi baka, ya bar fili a tsakiya daidai inda harsashinsa zai kai. Wannan fili shi ne zuciyar zancen. Waɗanda ke kewaye suna shaida cewa wurin lafiya yake, filin da babu komai a cikinsa kuma shi ke cewa ga naku wurin. In aka cike ruwan kaf ba a bar gurbi ba, baƙin sukan sauka can nesa inda bindiga ba ta kai.

Kowace kuma da abin da take faɗa. Akwai wadda aka yi ta kai a sunkuye tana kiwo. Akwai wadda wutsiya kawai ake gani a sama, ta nutsa neman ciyawa. Akwai wadda ta cusa baki a fiffike tana barci, kuma ita ta fi kowa ƙarfin shaida, domin tsuntsun daji ba ya runtsawa inda ransa bai kwanta ba. Masu farautar dinya sun san cewa in aka yawaita masu miƙaƙƙen wuya, saƙon ya juya, ya zama na gungun da ya ji motsi yana shirin tashi. Wasu ma sukan kafa siffar zalɓe guda ɗaya can gefe. Ba zalɓen suke nema ba. Sun dai san tsuntsu ne mai kaffa-kaffa, wanda ba ya tsayawa inda mutum yake, saboda haka tsayuwarsa ta zama shaidar wanda ba shi da hannu a cikin zancen.

Yanzu a dawo gareji. Da a ce muguwar ajiya kashe maganar kawai take yi, da da sauƙi, agwagi su wuce ba su kula ba. Abin ya fi haka muni, domin juya maganar take yi. Gashin agwagwa mai rai ba ya ƙyalli irin na roba. In aka zuba su buhu ɗaya suna gogar juna, nauyin da ke bakin igiya yana dukansu duk lokacin da aka ɗaga buhun, fenti yakan goge a ka da ƙirji, robar ta fito tana sheƙi. Rana na fitowa sai ta haska wurin, tsuntsun da ke sama ya ga walƙiyar da bai taɓa gani a jikin ɗan'uwansa ba. Wadda ruwa ya shige ta takan karkace ta kwanta gefe ɗaya, mai rai kuwa ba ta irin wannan zama sai in ta ji rauni. Wadda zafin rufi ya tausasa aka kuma danne ta da kaya takan fito da lotsattsen baya. Duk waɗannan in suka shiga ruwa ihu suke yi cewa akwai mutum a nan. Guda ɗaya da ta lalace tana iya ƙaryata dozin uku masu kyau, shi ya sa wanda ya daɗe a harkar yakan bar ta a gida. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Masu sauraron ma ba wawaye ba ne. Agwagwar da ta iso Arkansas ko Louisiana a watan Disamba ta baro Kanada tun kaka, ta biyo hanyar da ake harbi a kanta jiha bayan jiha. Ta ga irin wannan shimfiɗa ba sau ɗaya ba, ta kuma ga abin da ya sami waɗanda suka amince. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Idonta kuma ya fi namu, yana kama wani haske da ya wuce iyakar ganin ɗan Adam. Shi ya sa masu kula ba sa wanke agwaginsu da garin sabulun wanki, saboda sinadarin da ake zuba masa don ya ƙara wa tufafi haske. Abin da idon mutum zai kira tsabta, idon tsuntsu yana iya ganin sa baƙon abu.

Ka duba yadda mai haƙuri ke yi ranar da sanyin Fabrairu ya ɗan lafa. Zai fito da su ƙofar gareji ya jera. Ruwa zalla da buroshi mai laushi, ɗaya bayan ɗaya, yana bin tsagin gashin da aka zana inda taɓo ke maƙalewa. Yana gama wanke kowace sai ya kai ta kusa da kunne ya girgiza. In ya ji ruwa yana motsi a ciki, ya san ƙwayar harsashi ta huda ta, wataƙila ma daga bindigarsa. Sai ya lalubo ramin, ya huda wani wajen wutsiya ya tsiyaye, ya bar ta ta bushe, sannan ya toshe da gam. Ba a rufe su da danshi, domin funfuna za ta kama buhun, ruwan da ya rage a ciki kuma in ya daskare yana iya tsaga robar. Masu tsada, waɗanda aka lulluɓe kansu da wani abu mai laushi kamar karan-miski don ya kashe ƙyalli, kowace da aljihunta a jaka mai ɗakuna 6 ko 12. Sauran kuma a haɗa igiyoyinsu dozin-dozin a maƙala a ƙugiya, a rataye jikin bango ko a katakon rufi, nesa da taga saboda rana tana cin launi, nesa da ƙasa saboda ɓera yana son sheƙa a buhu yana gwaguyar igiya. Masu fiffiken da ke juyawa da batir, waɗanda suka yaɗu a ƙarshen shekarun 1990, a cire musu batirin kada ya zube ya ci ƙarfe. Mai ganganci kuwa a lungu zai jefa buhun yadda ya zo da shi, sai daren jajibirin buɗe farauta ya zauna yana warware igiya da tocila a baki. Ba a fafe gora ranar tafiya.

In ka shiga garejin nan a watan Yuli, za ka gan su rataye kai a ƙasa, wutsiya a sama, kusa da injin yankan ciyawa da keken yara. Ko ƙaramin yaro ba zai ruɗe ba. Kama da wane ba ta wane, a nan ake ganin gaskiyar karin maganar ƙuru-ƙuru. Robar ita ce, fentin shi ne, amma saƙon ya tafi, domin dama can ba a jikin robar kaɗai yake ba. Yana buƙatar ruwa a ƙarƙashinsa, da hasken asuba, da ɗan iskan da zai sa abin ya yi motsi, da tazarar da ke tsakanin sama da ƙasa, da kuma tsuntsun da ya gaji yana neman wurin sauka. A cire ɗaya daga cikin waɗannan, magana ta koma kaya. Haka kalma take. Wanda ya taɓa ɗauko kalmar gaisuwar makoki ya ajiye ta a gidan biki ya san cewa harufa ba su ne duka ma'ana ba.

Duk da haka ba za a ce agwagwar gareji ta yi shiru gaba ɗaya ba. Ka juya ta ka duba cikinta. Maharba sukan rubuta sunansu ko harufan farko na sunan a ƙasa, saboda iska ko ambaliya kan tsinke igiya ta kai agwagwar gaɓar wani. A zamanin katako da ƙarfe mai zafi ake ƙona sunan. Wannan gefe tsuntsu ba ya taɓa ganin sa. Bayanta na tsuntsu ne kuma ƙarya yake yi, cikinta na mutum ne kuma gaskiya yake faɗa: ta wane ce. A ruwa bayan ne ke aiki. A gareji kuwa, da aka rataye ta, cikin ne ke fuskantar mai shigowa, har wani ya tarar da harufan sunan mahaifinsa ko na kakansa a jikin abin da shi yanzu yake wankewa.

Mafi tsufan agwagin ƙarya da aka sani a duniya, a wurin ajiya aka same su. A jihar Nevada akwai wani kogo da ake kira Lovelock, wanda masu haƙar kashin jemage don taki suka fara tonawa a 1911. A 1924 masu binciken kayan tarihi biyu, M. R. Harrington da L. L. Loud, suka tarar da agwagi 11 a rami ɗaya. Da wata doguwar ciyawar fadama mai suna tule aka ɗaure su. Guda 8 an gama su, an yi musu launi, an soka musu gashin tsuntsu na gaske, guda 3 kuma ba a ƙarasa ba. Siffar wata agwagwa ce mai jan kai da farin baya da Amurkawa ke kira canvasback, kuma duk wanda ya san tsuntsun yana gani zai shaida shi. Awon masana ya nuna sun kai shekara 2,000. Yau suna hannun cibiyar Smithsonian, jihar Nevada kuma ta ɗauki wannan agwagwa a matsayin alamar tarihinta tun 1995.

Dubban irinsu da aka bari a bakin ruwa sun ruɓe tuntuni. Waɗannan sun tsira ne saboda mai su ya yi abin da mai gareji ke yi yau. Ya nemi busasshen wuri, inda rana ba ta kai, ya haɗa su waje ɗaya ya rufe. Ukun da ba a ƙarasa ba su suka fi taɓa ni. Mutum ba ya ajiye aikin da bai gama ba sai in yana da niyyar dawowa. Ya lissafa wata kakar, ya san tsuntsu zai dawo, ya ɗauka shi ma zai dawo. Ajiya maganin wata rana, amma ranar tasa ta zo ne bayan shekara dubu biyu, kuma waɗanda saƙon ya isa gare su ba agwagi ba ne, mu ne. Abin da ya yi don ya ce wa tsuntsu sauko, mu abin da yake faɗa mana shi ne: a nan an yi mutane masu ido, masu haƙurin kallo, masu sanin lokaci. Ma'anar da bai taɓa nufi ba ita ce ta rage.

Turawan da suka zo daga baya sun mayar da dabarar katako, sannan suka mayar da ita kasuwa. A ƙarni na 19, a bakin tekun Chesapeake, musamman kusa da garin Havre de Grace na jihar Maryland, maharbi yakan kwanta cikin wani akwati da aka nutsar daidai da fuskar ruwa, ɗaruruwan agwagin katako kewaye da shi. Abin da ya harbo a ganga ake lodawa zuwa gidajen abinci na Baltimore da Philadelphia da New York. Buƙata ta yi yawa har aka kafa masana'antu, irin su kamfanin Mason na birnin Detroit da ya yi aiki daga 1896 zuwa 1924. Tsuntsu ya fara ƙarewa. A 1918 aka yi dokar kare tsuntsaye masu ƙaura, wadda ta hana sayar da su. Farin shekarun 1930 ya busar da wuraren ƙyanƙyasa, sai a 1934 aka wajabta wa maharbi sayen wani kan sarki na dala 1. Yau dala 25 ne, kuma kashi 98 cikin 100 na kuɗin yana tafiya wajen saye da kare fadamu.

Dokar da ta fi ba ni abin tunani ita ce ta 1935. A shekarar aka hana akwatin nutso, aka hana zuba hatsi don jawo tsuntsu, aka kuma hana amfani da agwagwa mai rai. Kafin nan mutane sukan ɗaure agwagwar gida a ƙafa su ajiye ta a ruwa, tana ganin 'yan'uwanta a sama ta kama kiran su da muryarta ta gaske. Wannan ƙarya ce da aka gina da gaskiya zalla, kuma babu tsuntsun da ke da hanyar gane ta. Hukuma ta ce a'a. In za ka yaudare shi, ka yi da aikin hannunka da numfashin bakinka, har yau kuwa ana gasar busa kukan agwagwa a Stuttgart, wadda aka fara a 1936. Ina ganin adalci a wannan hukunci. Ya bar wa tsuntsu damar ƙin yarda. Ya kuma ɗora wa mutum nauyin kallo, domin wanda zai sassaƙa agwagwar da za ta ruɗi agwagwa sai ya san yadda take ajiye wuya in ta natsu, da inda fari ya tsaya baƙi ya fara a ƙirjinta, fiye da sanin da mai cin namanta zai taɓa yi. Tun daga ranar da aka yi dokar, nauyin maganar ya koma kan katako da fenti, ajiyarsu kuma ta daina zama ƙaramin aiki.

Bayan yaƙin duniya na biyu roba ta shigo, mara nauyi, mai arha. Na katako suka zama kaya, aka tura su bayan rumbu da ƙarƙashin rufi, wasu ma murhu ya cinye su a daren sanyi. Amma tun 1934 wani mai zanen gine-gine na New York, Joel Barber, ya fitar da littafi a kansu yana kallon su a matsayin aikin fasaha, kuma sannu a hankali mutane suka bi ra'ayinsa. Masassaƙan ba 'yan boko ba ne. Lem da Steve Ward na garin Crisfield wanzamai ne, masu aski. Madison Mitchell na Havre de Grace sana'arsa shirya jana'iza. Elmer Crowell na jihar Massachusetts, wanda ya rasu a 1952, da farauta ya fara. A 2007 aka sayar da ayyukansa biyu, dinya ɗaya da toron agwagwa ɗaya, kowanne dala miliyan 1.13. Hukuncin sassaƙa surar mai rai da ajiye ta don ado fage ne na malamai, kuma mai karatu ya san inda zai kai wannan tambaya. Abin da nake bi a nan shi ne yadda abu ɗaya ya sake ma'ana ba tare da an taɓa shi ba.

Ga inda ra'ayin ya rabu. Maharbi na da yakan sake wa agwaginsa fenti duk shekara kafin kaka, domin a wurinsa launin da ya koɗe maganar da ta dishe ce. Mai tara su don ado kuwa fentin asali yake nema, ko da ya tsattsage, ko da da tabon harsashi. In aka sake shafe ta, darajarta ta faɗi warwas. Abin da maharbi ke kira gyara, mai tarawa ɓarna yake kiran sa, kuma kowannensu yana da gaskiya gwargwadon wanda yake so agwagwar ta yi wa magana. Ita ma ajiyar ta canja. Katako mai irin wannan daraja ba ya kwana a gareji, inda zafi da danshi ke tsaga shi. Sai a shigo da shi falo, ko a sa shi bayan gilashi a gidan tarihi, irin na Shelburne a jihar Vermont inda tarin Barber yake.

Ba na ganin laifin masu tarawa. Ba don su ba da murhu ya gama da komai. Amma agwagwar da ke bayan gilashi ta gama magana da tsuntsu har abada, ba za ta sake jin ruwa a cikinta ba. Ta gareji, duk da ta roba ce, duk da dozin-dozin ake sayar da ita, tana da abin da waccan ta rasa: akwai ranar da ake jira. Wankin da ake mata da gam ɗin da ake toshe ta da shi, duk don wani mai sauraro ne da zai zo a watan Nuwamba ya yanke hukunci da fiffikensa. A shekarar da littafin Barber ya fito, a ita ƙamus ɗin Hausa na G. P. Bargery ya fito. Duk wanda ya buɗe shi zai tarar da kalmomin masaƙa da maƙera da majema da maharba waɗanda yau da wuya ka ji su a bakin matashi. An adana su, kuma Allah ya saka wa waɗanda suka adana. Sai dai adanawar gilashi ce. Kalma tana raye ne muddin akwai wanda ke ajiye ta da niyyar fito da ita aiki, yana duba ko ta huje, ko ta koɗe, ko ta fara faɗin abin da ba shi ake nufi ba.

Mu ma muna da tamu dabarar, kuma abin da ya same ta ya isa misali. A da, maharbin ƙasar Hausa yakan sassaƙa wuya da kan burtu da itace, ya haɗa da bakin tsuntsun na gaske, ya rufe da fata, wani ya yi masa ado da jajayen 'ya'yan idon zakara. Sai ya ɗaura a goshi, ya lulluɓe jiki da baƙin zane, ya durƙusa yana rarrafe yana kaɗa kai kamar tsuntsun na tsince-tsince a ciyawa. Namun daji sun saba da burtu, ba sa gudun sa, har mutum ya matso inda kibiya ko bindiga za ta kai. Saƙon iri ɗaya ne da na zalɓen Amurka: wanda kuka sani yana nan, babu abin tsoro. Bambancin shi ne namu maharbin ba ya ajiye siffar a gefe ya ɓuya, shi da kansa yake shiga cikinta. Aiki ne na gwiwa da haƙuri da sanin tafiyar tsuntsu. Yau irin waɗannan kawuna suna gidajen tarihi na Turai da Amurka, shi kansa burtun ya yi ƙaranci har masu kula da halittu na duniya suka sa shi cikin masu fuskantar barazana a 2018.

Abin ya tafi, kalmar ta rage. Kullum muna jin an ce wasu sun yi shigar burtu sun shiga gari, ko wani ya yi shigar burtu ya damfari mutane. Da yawa daga masu faɗin haka ba su taɓa ganin kan burtu ba, wasu ma ba su san tsuntsu ne ba. Harshe ya riƙe mana ajiyar, amma ajiyar lungu ce, wadda babu mai dubawa. Ga shi ta karkace. Abin da asalinsa gwaninta ce, ta mutumin da ya kalli daji har ya iya tafiyarsa, yanzu ba ya fita sai a zancen 'yan fashi da mazambata. Yaudarar ta rage, ilimin da ke ƙarƙashinta ya goge. Wannan ba laifin kalmar ba ne, kuma babu mai iya hana harshe tafiya inda ya ga dama. Amma asara ce, kuma ana iya rage ta tun masu sanin suna raye.

Saboda haka, mai karatu, in a gidanku ko a ƙauyenku akwai tsohon maharbin da ke da kan burtu a rataye ko a cikin adudu, ka je ka gaishe shi ka zauna. Ka ce, Baba, yaya sunan wannan sashen, da me ake ɗaurawa, wane lokaci ake fita da shi, wace dabba ke yarda, wace ce ba ta yarda? Ka rubuta da irin kalmominsa, kada ka gyara masa. Ka kai yaranka su ga yadda ake kaɗa kan. Shi kuma abin a kakkaɓe masa ƙura, a ɗaga shi daga ƙasa saboda gara, a raba shi da inda rufi ke yoyo kafin damina ta sauka.